Wa Zai Gyara Maka a Bokoro?

Njamena ba garin duwatsu ba ne. Birnin shimfiɗe yake a gaɓar kogin Shari, daidai inda Logon ke haɗuwa da shi, tsayinsa daga teku bai wuce mita 300 ba, kuma mai keke zai taso daga Farsha har Shagwa bai gamu da wani hawa ba in ba na gada ba. Duk da haka keken hawan dutse ya cika gari. Ɗalibai a kansa suke zuwa makaranta, masu gadi a kansa suke komawa gida da sassafe, ƙananan ma'aikatan da kuɗin kilando, wato babur ɗin haya, ya yi wa yawa shi ne abin hawansu. Tayarsa mai kauri tana jure yashi da ramuka, tana kuma ratsa taɓon da ke kwanciya a unguwanni irin su Waliya da zarar damina ta kankama. Galibin kekunan na gwanjo ne, masu taya inci 26 da tub a ciki, birkinsu na waya, giyarsu ta baya shida ko bakwai.

Masu gyara ne ke riƙe da wannan zirga-zirga. Za ka same su a gindin dalbejiya ko a inuwar katanga, kusa da kasuwar Dembe, ko Digel, ko bakin kowane babban titi, da famfo da sifana da guduma, da kwanon ruwan da ake tsoma tub a gano huda, da tsohon tub da ake yankar faci a jikinsa. Kayan gyaran da suke sawa, waɗanda da yawansu ta gadar Ngeli suke shigowa daga Kuseri, iri ɗaya ne da waɗanda za ka tarar a Masaget ko Bongor ko Abeshe. Saboda haka duk mai hawan irin wannan keke yana da mataimaki a kowane gari ya sauka. Na daɗe ina cin moriyar mutanen nan, daga baya na raina su, kuma wahalar da rainin ya jawo ba a kaina kaɗai ta tsaya ba. Shi ya sa nake ganin wajibi ne in faɗi yadda abin ya kasance.

Kekena na farko irin na kowa ne, firam ɗinsa na ƙarfe, da kariya a baya. A kansa na san Gawi, ƙauyen Kotoko da ke bayan gari inda mata ke ginin tukwane, a kansa kuma na saba bin hanyar Mandeliya ranakun hutu. Mai duba mini shi wani dattijo ne Bahaushe da kowa ke kira Baba. Iyayensa na cikin waɗanda suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar zuwa Makka a ƙasa, suka yada zango a nan tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, zango ya zama zama. Baba ba mai yawan magana ba ne. In ka kawo keke sai ya ɗaga shi, ya juya ƙafar baya, ya kasa kunne, kafin ya taɓa sifana ya riga ya gaya maka abin da ke damunsa.

Daga baya na kamu da kallon bidiyon Turawa masu gangarowa daga kan duwatsu, na shiga karance-karancen tarihin abin. Na san cewa a shekarun 1970 ne wasu samari a yankin Marin na jihar Kaliforniya suka riƙa gangarowa daga dutsen Tamalpais da tsofaffin kekunan da suka yi wa kwaskwarima. Na san Joe Breeze ya ƙera firam na musamman domin wannan aiki a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper a 1981, har wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. Duk na haddace, amma ainihin darasin labarin ya wuce ni. Samarin nan dutsensu suka duba, suka ga abin da yake karyawa a jikin keke, sannan suka canza abin da ya kamata a canza. Ni ban duba ƙasata ba, ban tambayi abin da yashinmu da ƙayarmu da ranarmu suke bukata ba. Abin da na gani a allon waya shi na ɗauka ma'aunin keke nagari.

Da wata tafiyar aiki ta kai ni ƙasar waje, na sayo sabon keke mai taya inci 29 da birkin mai. A shagon aka kwance shi, aka cire feda, aka karkatar da kansa, aka naɗe na'urar canza giya daban, aka sa shi a kwali, na biya kuɗin ƙarin kaya na sauka da shi lafiya a filin jirgin Hassan Djamous. Ban tsaya nan ba. Duk wanda na ji zai zo daga Faransa ko Dubai sai na haɗa shi da saƙo. Na cire tub na koma tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa wani farin ruwan roba mai toshe huda da kansa. Na mai da giyar baya mai hawa goma sha biyu, da siririyar sarƙarta. Na sa shokazobar gaba mai aiki da iska, wadda ke da nata famfon daban. Kariya kuwa ban yarda an ɗaura ba, domin na karanta cewa nauyi take ƙarawa. Tsohon keken na ba ɗan yayata, yaro ɗan sakandare mai tsananin son keke, kuma gaskiyar magana na ba shi ne saboda na daina ganin darajarsa.

Burina a lokacin shi ne in kai sabon keken ƙasar Gera, inda duwatsu na gaske suke. Na gaya wa Baba haka ranar da na kai masa ya gani. Ya zagaya keken, ya shafa sarƙar da yatsa, ya duƙa ya dubi bawul ɗin, siriri ne, ba irin wanda bakin famfonsa ke kamawa ba. Ya yaba, ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, in wannan ya lalace maka a Bokoro, wa zai gyara?" Na ce, "Baba, irin wannan ba ya lalacewa." Bai ƙara cewa komai ba.

Birkin mai na keke kashi biyu ne. Wasu kamfanoni suna amfani da man birki irin na mota, wanda ake rubuta wa DOT a jikin gwangwani, wasu kuma suna amfani da wani mai daban, na ma'adini. Robobin da ke cikin kowane birki an yi su ne domin mai iri ɗaya, in aka zuba musu ɗayan sai su kumbura su lalace. A lokacin ban san wannan ba. Da birkina na gaba ya fara laushi, sai na shiga shagon kayan gyaran mota na sayi man birki, na kai wa Baba ya zuba. Ya buɗe murfin, ya ɗiga na ciki a tafin hannunsa, ya ɗiga wanda na kawo a gefensa, ya murza, ya shinshina. Ya ce, "Alhaji, waɗannan ba jinsi ɗaya ba ne. Ni ban taɓa aikin irin wannan birki ba, amma hannuna bai yarda ba. A dakata a tambayi wanda ya sani." Na ce man birki ai man birki ne, ya zuba kawai, ina sauri. Ya zuba.

Ba a daɗe ba birkin ya cije, ƙafar gaba ta ƙi juyawa sai da ƙyar, mai ya fara tsatsafowa ta hannun birkin. Na koma rumfar a fusace. A gaban yaransa da mutanen da ke jiran gyara, na ce ya lalata mini kayan da kuɗinsu ya fi duk abin da ke rumfarsa, na ce daɗewa a kan sana'a ba ilimi ba ne. Dattijon da ya kusa haihuwata ya bar ni na gama, ya sa hannu a aljihu ya fito da kuɗin aikin da na ba shi, ya miƙo mini, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji." Na karɓi kuɗin na tafi.

A gida, da na zauna ina goge man da ya zuba, sai idona ya kai kan murfin da Baba ya buɗe. Da ƙananan haruffa an rubuta ƙarara cewa man ma'adini kaɗai ake zuba masa. Daga wannan lokaci na san wanda ya yi laifi. Zuba man jahilci ne, kuma jahilci yana da uzuri. Zagin da na yi fushi ne, shi ma ana yafewa in an nemi gafara. Abin da ya biyo baya kuwa da sanina na yi: na yi shiru, na canza hanyar zuwa aiki don kada in bi ta gaban rumfar. Kullum ina ce wa kaina zan je in abu ya lafa, kullum kuma zuwan yana ƙara nauyi. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa na naɗa shi na yi ta yawo da shi.

Wannan shirun ne ya haifi sauran matsalolin. Na yi odar sabon birki daga waje, ya yi ta jinkiri. Tafiyar da na tsara a lokacin sanyi, tsakanin Disamba da Janairu, ta gangara har cikin Maris, lokacin da zafin rana a ƙasar nan yake haura digiri 40. A tsawon zaman jiran, ruwan robar da ke cikin tayoyin ya bushe, domin 'yan watanni yake yi ko a ƙasar sanyi, balle a zafinmu. Ba wanda ya duba mini keken kafin tafiya, tun da na rufe wa kaina ƙofar mutum ɗaya tilo da ke dubawa. Kuma saboda ina son mai ɗaukar mini hoto da ɗebe mini kewa, na roƙi yayata ta ba ni ɗanta ya raka ni a kan tsohon kekena. Ta yi jim, sannan ta amince saboda ni ƙaninta ne.

Daga Njamena hanyar takan bi ta Masaget da Ngura da Bokoro zuwa Bitkin, sannan Mongo, tafiyar kimanin kilomita 500. A mota muka yi niyyar isa Bitkin, daga can mu hau keke. Wanda ya san tafiya da irin wannan keke ya san cewa wurin da ya fi rauni a jikinsa shi ne ɗan guntun ƙarfen da ke riƙe da na'urar canza giya a jikin firam. Da gangan ake yin sa da laushi, don in an sami bugu shi ya lanƙwashe firam ya tsira, kuma kusan kowane firam da irin nasa. Matafiya sukan kwance na'urar su naɗe ta kafin a ɗora keke a mota, su kuma riƙe guntun ƙarfe na safaya a jaka. Da idona na ga an yi haka a shagon da na sayi keken, amma a tasha ban yi ba. Na tsaya ina ciniki da yaran mota a kan kuɗin kaya, suka ɗaga kekunan biyu suka kwantar a saman mota, aka jibga buhuna a gefe, aka ja igiya aka ɗaure tam. Ba su yi laifi ba, haka suke ɗora keken kowa, kuma keken kowa yana jurewa.

Gera ƙasa ce mai kyau da ta cancanci a sha wahala a gan ta. Bayan doguwar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, sai duwatsu su taso daga fili ɗaya bayan ɗaya: Abtuyur kusa da Bitkin, dutsen Gera mai tsayin mita 1,613, da wanda ke bayan Mongo da ake kira Sarauniyar Gera saboda kamanninsa da mace a kwance. A gindinsu ƙauyukan Hajarai ne da gonakinsu da rumbunansu. Mun fita da asuba muka bar kwalta muka bi burtali, kuma sa'o'in farko sun ba ni duk abin da na yi mafarkinsa.

Hantsi na dubawa ƙaya ta huda mini tayar baya. A wannan daji aduwa da farar ƙaya da tsaida ba sa ƙyale mai keke, kuma domin su na sayi tayar da ba ta da tub. Amma da na buɗe, ruwan robar ya zama busasshen dunƙule a ciki. Muka ɓata lokaci mai yawa kafin mu zura tub ɗin safaya mu hura da ɗan famfon hannu, rana kuwa tana ƙara tashi. Da muka ci gaba, sarƙar ta riƙa tsalle tsakanin giya da giya. Yaron ya ce, "Kawu, giyar nan tana ƙara, mu tsaya a duba." Na ce sabuwa ce, za ta daidaita. A wani hawa na tura ta zuwa babbar giya, guntun ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe a saman mota ya karkatar da na'urar cikin wayoyin ƙafa. Nan take ƙarfen ya karye, sarƙar ta murɗe, wayoyi suka tsittsinke, ƙafar ta karkace ta ƙi juyawa.

Rana ta take tsaka, ƙauyen da muka wuce yana da nisa, ruwanmu kuma saura kaɗan, domin keken da ba shi da kariya ba ya ɗaukar jarka, gorunan da ke jikin firam kawai na dogara da su. A irin wannan zafi mai tuƙa keke yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda ko fiye a sa'a ɗaya. Abin da hankali ya ce shi ne mu shiga inuwa mu jira la'asar, ko in bar yaron a inuwa da ruwan in hau tsohon keken in nemo taimako, ko mu ɓoye sabon a cikin ciyawa mu tafi tare. Ban yi ko ɗaya ba. Na dubi kuɗin da na zuba a keken, na kasa barinsa, na ce wa ɗan mutane ya hau ya koma ƙauye ya nemo amalanke. Ya ce, "To, Kawu." Ya tafi.

Bai kai ƙauyen da ƙafarsa ba. Kusa da wata rijiya jiri ya kwashe shi, ya faɗi yana amai. Matan da ke ɗiban ruwa suka ja shi inuwa, suka jiƙa masa kai da jiki, suka riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan har ya iya faɗin inda ya baro ni. Wani magidanci ya ɗaura amalankensa ya zo ya ɗauke ni da keken. Da dare yaron yana kwance a ɗakin shan magani ana ƙara masa ruwa, ni kuma na fita waje na kira yayata. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Na ba ka amanar ɗana, kai kuma ka zauna gadin ƙarfe." Ban sami abin cewa ba, domin ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba.

Washegari wani saurayi mai gyaran keke da babur a garin ya zo ya duba. Yana da sarƙa, amma ta yi kauri ba ta zama tsakanin giya goma sha biyu. Yana da wayoyin ƙafa, amma tsayinsu bai dace da nawa ba. Yana da tub, amma bawul ɗinsa mai kaurin milimita 8 ne, ramin da ke ƙafata kuwa na milimita 6 ne. Ya gwada haɗa sarƙar tawa da ƙusa da guduma kamar yadda yake haɗa ta kowa, na taka feda sau ɗaya ta sake tsinkewa, domin siraran sarƙoƙin zamani ba a mai da musu ƙusar da aka fitar, sai da mahaɗi na musamman, wanda ban riƙo ba. Ya nuna tsohon keken da ke jingine ya ce, "Da wancan ne, da tuni kun kama hanya." Mutum ne mai hannu da niyyar taimako, ni ne na kawo masa abin da taimakonsa ba zai iya shiga ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin Mamadou Safayou Barry, matashin nan ɗan ƙasar Gine da ya taso a watan Mayun 2023 da nufin karatu a Jami'ar Azhar. A kan keken hawan dutse na gwanjo ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, ya yi kimanin kilomita 4,000 cikin wata huɗu har ya iso Cadi, inda labarinsa ya bazu aka biya masa kuɗin jirgi zuwa Alƙahira, ya tsallake yaƙin Sudan. Abin da ya riƙo bai wuce tufafin canji da tocila da sukurdireba ba. Mutanen hanya ne suka kawo shi, kamar yadda suka kawo iyayen Baba da dubban alhazan ƙasa da suka bi ta nan kafin shi. Doguwar tafiya a ƙasarmu a kan jama'a take tafiya: mai faci, mai shayi, matar da ke bakin rijiya, mai amalanke. Duk kuɗin da na kashe a kan kekena nisanta ni ya yi daga hannun waɗannan mutane.

Masu ƙera kayan tsadar ma sun san da haka. F.K. Day, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin SRAM mai yin giyar tsere, shi da Leah Missbach Day suka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005. Da suka tashi samar da keke domin karkarar Afirka, sai suka fito da Buffalo: firam na ƙarfe, giya ɗaya, kariya mai ɗaukar kilo 100, sannan suka horar da makanikai a garuruwan da ake raba shi. Sun gane cewa keke da mai gyaransa tare suke tafiya.

Ba ina zagin kayan zamani ba ne, domin kayan ba su yi mini laifi ba. Tayar da ba ta da tub ita ce maganin ƙaya mafi inganci, in ana sabunta ruwanta a kan kari. Birkin mai yana kamawa a cikin taɓo inda na roba ke santsi. Wanda ya sayi waɗannan ya kuma ɗauki nauyin da ke tare da su, ya koyi gyaransu da hannunsa, ya riƙe mansu da mahaɗin sarƙa da guntun ƙarfen safaya da ɗan bakin da ke haɗa siririn bawul da famfon kowa, to ya yi daidai. Wanda ba zai iya wannan ba, gyaran da ya dace da hanyoyinmu sananne ne kuma ba shi da tsada: taya mai kaurin gaske da tub mai kauri, ƙafa inci 26 da aka ɗaure wayoyinta da kyau, birkin waya da sabuwar roba, giya bakwai ko takwas da sarƙarta ke samuwa a kowace kasuwa, sirdin da ya dace da jikinka, kariya mai ƙarfi da za ta ɗauki jarkar ruwa, fitila, da ƙunshin gishiri da sukari saboda zafi. A wanke sarƙa daga yashi a kai a kai, kada a cika mata mai, domin mai da ƙura in suka haɗu cin ƙarfe suke yi. In za a ɗora keke a mota, mai shi ya tsaya a kai, gefen giya ya kalli sama. Doguwar tafiya a yi ta da sanyi, a fita da asuba, a huta da rana. Yaro kuma ba a raba shi da babba a daji saboda kowace irin dukiya.

Yaron ya warke, alhamdu lillahi. Bayan mun dawo na tafi rumfar Baba da hantsi, lokacin da na san yaransa da masu jiran gyara suna nan, domin a gabansu na ci mutuncinsa, bai kamata in nemi gafara a ɓoye ba. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne na yi laifi. Man da na kawo ba nasa ba ne, ka gaya mini na ƙi ji, kuma na daɗe da sanin haka na kasa zuwa. Ka yafe mini." Na ajiye kuɗin aikin da na karɓe. Ya ce, "Na yafe tun ranar, Alhaji. Yaya jikin yaron?" Ashe labari ya riga ni isowa. Sannan ya ce in kawo keken ya gani, kuma in kawo takardar da ta zo da shi a karanta masa, domin irinsa sun fara yawa a gari, yaransa za su bukaci sanin aikinsu. Dattijon da na ce ba shi da ilimi ya fi ni son koyo.

Yayata ta fi shi daɗewa kafin ta sauko, kuma tana da gaskiya. Har yanzu ba ta sake ba ni ɗanta zuwa wata doguwar tafiya ba, ni ma ban roƙa ba. Amana in ta zube ba a kwashe ta da baki, sai da hali, a hankali.

In na jera abubuwan da suka faru, ina ganin inda igiyar ta fara warwarewa. Da na koma wurin Baba a daren da na karanta murfin nan, da washegari keken yana hannunsa. Da ya girgiza tayar ya ji ba ruwa a ciki, da ya hana ni fita a Maris, da ya ce a ɗaura kariya, da ya gaya mini yadda ake ɗora keke a mota, domin duk abubuwan da yake gaya wa kowa ne kyauta. Kunyar minti biyar na guje wa, ɗan yayata ya biya ta da lafiyarsa. Saboda haka ga duk wanda ke shirin canza wani abu a kekensa, shawarata ita ce ya fara tambayar mai gyaran unguwarsu, ya kuma saurari amsar ko da ba ta yi masa daɗi ba. Wanda kuwa ya riga ya san ya zalunci wani, mai gyara ne ko ɗan'uwa ko abokin aiki, ya tashi ya je yau, tun kafin shirunsa ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.